Babi na Bakwai: Idan Lokeshon Ya Ƙi Kamawa a Ƙasar Gobir

A watan Satumban 2021 wayoyi suka yi tsit a gabashin Sakkwato. Gwamnatin jiha, a zamanin Aminu Waziri Tambuwal, ta sa an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23, har da Sabon Birni da Isa, kimanin mako biyu bayan an yi haka a Zamfara. Manufar ita ce a toshe wa 'yan bindiga hanyar magana da junansu da masu kai musu rahoto. Wanda ya zauna yankin a lokacin bai manta ba. Mai son jin muryar ɗansa da ke ci-rani a Legas sai ya nemi tudu ta wajen iyaka, inda sabis ɗin Nijar ke tsallakowa, ko ya ba direba saƙo a takarda. Mai POS ya naɗe tabarmarsa. Wayar da aka sayar da buhunan gero aka saya ta koma tocila da rediyo.

Amma akwai abu guda da umarnin bai taɓa ba, kuma ba shi da ikon taɓawa. Da a ce mutum ya fita bayan gari a waɗannan kwanaki, ya tsaya a fili, ya buɗe manhajar da ke nuna lambobin wuri, ya yi haƙurin 'yan mintoci, da wayarsa ta gaya masa inda yake tsaye a doron ƙasa, kuskurenta bai wuce taku goma ba. Babu sabis, babu data, ko layin ma ya zare ya jefa aljihu. Mutane ƙalilan ne suka san haka, domin a bakinmu kalma ɗaya ce, "lokeshon", muke kiran abubuwa uku da ita: saƙon da ke saukowa daga taurarin ɗan'adam, da taimakon da ƙarfen sabis ke bai wa waya, da kuma taswirar da ake ɗora ɗigon a kanta. Kowanne da ciwonsa, kowanne da maganinsa. Yawancin wahalar da na ga ana sha a kan wannan al'amari ta samo asali ne daga shafa wa ɗaya maganin ɗan'uwansa.

Taurarin GPS mallakar Amurka ne. Sojojinta suka fara harba su a 1978, tsarin ya kammala a 1995. Da taurari 24 aka tsara shi, masu aiki a yau kuwa sun kai 30 ko sama da haka, suna shawagi a nisan kilomita 20,200, kowanne yana kewaya duniya sau biyu a kwana guda. Aikin kowane tauraro bai wuce na mai shela ba. Dare da rana yana faɗin abu uku: ni ne wane, ga inda nake, ga abin da agogona ya nuna. Ba ya jin kowa, ba ya ganin kowa, wayarka ba ta aika masa komai. Ina jaddada wannan ne saboda na sha jin ana cewa tauraro na kallon duk wanda ya kunna lokeshon. Idan labarin wurinka ya fita, ta intanet ya fita, ta hannun wata manhaja da ka ba izini.

Ka taɓa hango mai daka daga nesa, ka ga taɓarya ta sauka a turmi kafin ƙararta ta iso kunnenka? Gwargwadon jinkirin, gwargwadon nisan da ke tsakaninku. Da wannan dabara waya ke aiki. Saƙon tauraro yana tafiya da gudun haske, kilomita 300,000 a daƙiƙa, sai waya ta auna jinkirin isowarsa ta fitar da nisa. Tana bukatar taurari huɗu aƙalla, uku domin wuri, na huɗun domin gyara agogonta, tun da agogon waya na araha ne, kuma kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa yana kauce da mutum mita 300. Rasha na da nata tsarin, GLONASS. Turai na da Galileo. Sin na da BeiDou, wanda ya game duniya a 2020. Yawancin wayoyin da ke kasuwa yanzu, har Tecno da Infinix da itel ɗinmu, suna sauraron fiye da tsari ɗaya, ko da yake duka GPS muke ce musu. Kafin watan Mayun 2000 Amurka tana gurɓata saƙon da gangan, farar hula ba sa samun abin da ya fi kusan mita 100. Bill Clinton ne ya sa aka daina. Yau waya mai lafiya a fili tana ba da kusan mita biyar.

Ga inda raunin yake. Ƙarfin da tauraron ke watsa saƙonsa da shi bai fi na ƙwan lantarki irin na da ba, kuma daga wancan nisan yake tahowa. Lokacin da zai iso ƙasa ya fi hayaniyar rediyo da ke cikin iska rauni, sai da lissafi waya ke tsamo shi. Abu kaɗan ke tare shi.

Na taɓa tarar da wata ma'aikaciyar lafiya a wani ƙaramin asibitin ƙauye tsakanin Isa da Sabon Birni, ta tasa waya gaba, ranta a ɓace. Fom ne na wata manhajar tattara bayanai, ba zai rufe ba sai ya ɗauki lambobin wurin, kuma an saita shi kada ya karɓa sai kuskuren ya sauko mita biyar. Nata yana ta lilo tsakanin ɗaruruwan mitoci.

"Malam, wagga waya ta lalace," in ji ta. "Tun da sahe nike hwama da ita. Na sa data har sau biyu."

Na ɗaga kai na dubi rufin. Kwano ne.

"Malama, mu ɗan fita tsakar gida."

Muka ɗora wayar a kan bakin rijiya, fuskarta na kallon sama, muka ja baya. Minti na farko babu komai. A na uku lambar ta faɗo 40, sai 18, sai 9, kafin mu gama gaisawa da mai gadi ta tsaya a 4. Kuɗin datar da ta kashe daga aljihunta suka fito, kuma ba su da hannu a cikin matsalar.

Rufin kwano shi ne babban abokin gabar GPS a ƙasarmu. Ƙarfe yana mayar da saƙon baya, ɗan abin da ya shigo ta taga ko ƙofa kuwa ya riga ya yi karo da bango ya karkato, tafiyarsa ta ƙaru, sai waya ta ɗauka tauraron ya fi nisa. Shi ya sa za ka ga ɗigo na yawo a taswira alhali mai wayar yana zaune. Soron ƙasa mai kauri da azara shi ma yana shanye saƙon, balle da damina in ya jiƙa. Rumfar kara da bukkar ciyawa ba su cika hanawa ba. Inuwar tsamiya ko dogon yaro mai duhun ganye tana ragewa sosai, gawo kuwa da damina, lokacin da ya zubar da ganyensa, kusan fili ne. Jikin ɗan'adam ma shinge ne, domin yawancinsa ruwa ne: waya a aljihun gaba, ga mutum a bayanka a kan kabu-kabu, ta rasa rabin samaniya ke nan. Eriyar GPS a yawancin wayoyi tana ta wajen kai, saboda haka a riƙe waya ta ƙasa.

Hazo fa? Nan ne ake yi wa hunturu ƙazafi. Mutane sun saba ganin hoton talabijin na faranti yana ɗaukewa idan hadari ya haɗo, sai suka ɗauka GPS ma haka yake. Ba iri ɗaya ba ne. Zangon da GPS ke amfani da shi, megahaz 1575, tsawon kaɗawarsa kusan santimita 19 ne, ƙwayar ƙura da ɗigon ruwa sun yi masa ƙanƙanta. Ko ranar da hazo ya rufe Gulbin Rima har ba a hango tsallake, saƙon yana sauka lafiya.

Haƙurin da ƙauye ke bukata

Abin da ya fi ruɗa mutane shi ne wayar da ke kamawa nan take a cikin Sakkwato, amma ta je Gatawa ko Turba ta yi kamar ba ta taɓa sanin aikin ba. Dalilin yana da sauƙi. Kafin waya ta yi amfani da tauraro, sai ta san ainihin hanyar da yake bi a wannan sa'a. Tauraron yana faɗin wannan bayani da kansa, amma a hankali ƙwarai, abin da bai fi haruffa shida a daƙiƙa ba. Sai an saurare shi kusan daƙiƙa 30 babu yankewa, in an yanke a sake jira. Cikakken jadawalin dukkan taurarin kuwa minti 12 da rabi yake ɗauka. A birni waya ba ta jiran wannan. Tana saukar da bayanin ta intanet cikin ƙiftawar ido, ƙarfen sabis kuma ya nuna mata yankin da take, sai ta san taurarin da za ta nema. Ɗan birni ya saba da gatan nan har ya ɗauka haka GPS yake.

Inda babu sabis, wayar komawa take ta koya daga bakin taurarin. Mai ita kuwa ya buɗe, ya jira daƙiƙa ashirin, ya yi tsaki, ya rufe, ya sake buɗewa, ya shiga zaure, ya fito. Duk motsin nan mayar da aikin baya yake yi. Abin da ake so shi ne a fita inda ake ganin samaniya ta kowane ɓangare, a ajiye wayar, a bar fuskarta a kunne da manhajar a buɗe, a ba ta minti biyar. Idan ta kwana biyu a kashe, ko an yi doguwar tafiya da ita a kashe, a ba ta har rubu'in sa'a. Da zarar ta kama sau ɗaya, na gaba ba ya daɗewa, muddin ba a wuce 'yan sa'o'i ba. Mai dabara kuma, kafin ya bar gari mai sabis, yakan tsaya a fili ya buɗe taswira da data a kunne har ɗigon ya zauna. A wayoyi da yawa bayanin da aka sauke a lokacin yana yin 'yan kwanaki yana amfani. A dai kula da rana. A watan Afrilu zafin yankin nan yana haura digiri 40, wayar da aka shanya a kan tankin babur za ta yi zafi ta rage aiki ko ta kashe kanta. Safiya ta fi.

Domin a daina lalube cikin duhu, akwai ƙananan manhajoji na kyauta, irin su GPSTest, da ke nuna abin da waya ke ji. Za ka ga jerin taurari, kowanne da tutar ƙasarsa da lambar ƙarfin saƙonsa. Lambar da ta kai 35 ko 40 lafiyayya ce, wadda ta gaza 20 kusan babu ce. Idan ka ga taurari da yawa da lambobi masu kyau amma wuri bai fito ba, wayar na cikin karatu ne, ka ƙyale ta. Idan lambobin duka sun yi ƙasa alhali kana fili, ka ajiye wayar abokinka kusa da taka ku gwada. In tasa ta fi taka da nisa, ka cire rigar wayar, musamman mai ƙarfe ko maganaɗisu, ka zare cajar mota ta araha, domin wasunsu suna fitar da hayaniyar da ke danne saƙon. In duk da haka babu canji, ka tuna ko wayar ta taɓa faɗuwa ko ta je hannun mai gyara. Eriyar tana haɗuwa da allon waya ta wani ɗan ƙaramin ƙarfe mai lanƙwasa, wanda kan kauce idan an buɗe bayan waya an mayar da gaggawa. Gyara ne na 'yan mintoci ga wanda ya san wurin. Ka gaya masa abin da ka gani da bakinka, kada ka bari a ce sai an yi wa wayar filashin, a goge maka komai a banza.

In kuwa ko tauraro ɗaya bai fito ba, a duba saiti. Lokeshon a kunne yake? An ba manhajar izini? Tun daga Android 12 izinin iri biyu ne, na ainihin wuri da na kintace, kuma na kintacen yana ba da yanki ne mai faɗin kusan murabba'in kilomita uku. Mutum zai iya danna shi bisa kuskure ya shekara yana zagin waya. Tsarin tsimin batir shi ma yakan kashe GPS da zarar fuskar waya ta mutu, kuma a inda caji sai an biya mai janareta ko mai sola, kusan kowa a kunne yake barinsa. Sai kwanan wata da agogo: idan sun kauce, taimakon intanet ba ya shiga daidai. Sa'ar da muka yi ita ce Najeriya da Nijar agogonsu ɗaya.

Akwai wani abin da ake ɗora wa GPS laifinsa alhali ba ruwansa: kibiyar da ke nuna inda ka fuskanta. GPS ya san inda kake, amma in kana tsaye bai san ina ka sa gaba ba. Wannan aikin wani ɗan kamfas ne a cikin waya, wanda ƙarfe da lasifika da babur ke ruɗawa, wasu wayoyin masu araha ma ba a sa musu shi ba. Masu neman alƙibla da waya su lura da wannan sosai. Daga Sabon Birni alƙibla tana wajen digiri 71 daga arewa, wato gabas da ɗan karkata zuwa arewa. Idan manhaja ta nuna maka kudu, ka nisanci ƙarfe, ka juya wayar a iska kamar kana zana lamba 8 sau da yawa, ka sake dubawa. In ta ci gaba da gardama, mafitar rana da mihirabin masallacin garin sun fi ta gaskiya.

Abin da ya keɓanta da bakin iyaka

Wani lokaci mutum yana zaune a ƙauyensa na Najeriya, taswira ta nuna shi a wajen Gidan Runji ko Tsibiri. Wannan ba aikin taurari ba ne. Idan waya ta kasa samun su, sai ta kintata daga ƙarfen sabis ɗin da take ji. A birni, inda ƙarafan ke kusa da juna, kintacen ba ya nisa. A karkara ƙarfe ɗaya yana ɗaukar kilomitoci, kuma a bakin iyaka wanda ya fi ƙarfi kan zama na Airtel ɗin Nijar ko Moov ko Zamani. Alamar da za ka gane ita ce faffaɗar da'ira mai haske da ke kewaye da ɗigon. Faɗinta shi ne gwargwadon shakkar wayar. Kada ka tura wa kowa lokeshon sai da'irar ta tsuke. Haka kuma layin Najeriya da ya hau sabis ɗin Nijar yakan nuna sanduna cike amma babu data, sai mai shi ya ɗauka yana da taimakon intanet alhali babu.

Sai kuma wata matsalar da ke zuwa bayan magariba, wadda ba ta da magani a hannun kowa. Can sama, daga kusan kilomita 80 zuwa ɗaruruwa, akwai wani rufin iska mai ɗauke da lantarki wanda rana ke hurawa, saƙon tauraro kuma dole ya ratsa shi. Layin tsakiya na maganaɗisun duniya ya ratsa Najeriya kudu da Sakkwato, saboda haka mu da Nijar muna cikin ɗamarar da wannan rufi ya fi rikicewa. Bayan faɗuwar rana yakan yi kumfa-kumfa, saƙo ya riƙa ƙyaftawa kamar fitila a iska, daga magariba zuwa tsakar dare, musamman wajen Maris da Afrilu da kuma Satumba da Oktoba. Abin yana tsananta idan rana ta kai ƙololuwar zagayenta na shekara 11, kamar yadda ta yi a 2024 da 2025. A watan Mayun 2024 wata guguwar rana ta sa manoma a Amurka suka dakatar da shuka, saboda taraktocinsu masu bin GPS sun kauce layi. Wayoyi masu sauraron zango biyu, waɗanda suka fara fitowa a 2018, sun fi jure irin wannan. Ga sauranmu, aikin da ke bukatar daidaito a yi shi da hantsi. Toshe saƙon da gangan ma yana faruwa a duniya, an gan shi a Yukiren da Gabas ta Tsakiya, inda wayoyin gari guda kan nuna suna wani filin jirgi. Alamarsa ita ce dukkan wayoyi su rikice lokaci ɗaya a fili. In taka kaɗai ce, a nemi dalilin kusa.

Yanzu mu zo kan na ukun, wato taswira, wanda a ganina ya fi sauran ciwo. Sau da yawa waya ta kama sarai, ɗigo ya zauna daram, amma a kan farin fili. Babu sunan gari, babu hanya. Wani lokaci taswirar ce ba ta sauko ba saboda rashin data, kuma maganin wannan shi ne a sauke ta tun a gari: Google Maps yana bari a ajiye yanki, OsmAnd da Organic Maps kuwa an gina su ne domin aiki babu intanet. Amma wani lokacin garin ne ba a taɓa sa shi ba. Ƙasar da ta riƙe Alƙalawa har faɗuwarta a 1808, ƙasar Bawa Jan Gwarzo, yau ƙauyukanta da dama ba su da suna a taswirar da duniya ke dubawa. Tsakanin 1906 da 1908 Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila sun bi yankin nan da agogo da na'urar duban taurari suna kafa alamun iyaka, suka bar Tsibiri a hannun Faransa, Sabon Birni a hannun Ingila. Har yau taswira tana ɗauke da tabon wannan rabo. Ka rubuta Gidan Runji ba za ta gane ba sai ka rubuta Guidan Roumdji, Madawa sai Madaoua, Tsibiri sai Tibiri. Ka rubuta Sabon Birni tana iya kai ka wani Sabon Birnin a jihar Kaduna. Gidan Wane da Unguwar Wane da Tudun Wada kuwa ba su ƙirguwa.

An taɓa ɗaukar wannan giɓi da muhimmanci, kuma an ga amfaninsa. Wajen 2012 zuwa 2013, masu yaƙi da cutar shan-inna suka lura cewa taswirorin hannu da ake ba ma'aikatan rigakafi suna tsallake rugage da ƙananan ƙauyuka. Aka zana sababbi daga hotunan tauraron ɗan'adam a jihohin Arewa, har da Sakkwato, da hannun ƙungiyoyi irin su eHealth Africa da ke Kano. Aka riƙa ba tawagogi wayoyin Android suna tafiya da su, wayar na rubuta wurinta duk bayan minti biyu, da yamma a tattara a ga inda aka taka da inda aka bari. Wayoyin ba su jira sabis ba kafin su rubuta. A ranar 25 ga Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta daji. Ba waya ce ta ɗiga maganin ba, matan da suka bi gida-gida cikin rana ne, amma yaran rugar da a da ba a san da ita ba sun samu ne saboda wani ya sa rugarsu a taswira.

Inda suna ya gaza, lamba tana aiki. Kowane wuri yana da lambobi biyu, ta arewa da ta gabas. Sabon Birni tana wajen 13.56 arewa, 6.32 gabas, Isa wajen 13.2 da 6.4. Digiri ɗaya kusan kilomita 111 ne, saboda haka lambobi huɗu bayan ɗigo suna kai mutum cikin mita 11, biyar kuma cikin mita ɗaya. Ana iya tura su ta gajeren saƙo, ko a karanta su a baki, ko a rubuta a takarda a ba direba. Kuskure biyu ake yi. Na farko juya su: wanda ya sa 6.32 a gaba, 13.56 a baya, ya tura mutum Adamawar Kamaru. Na biyu haɗa salon rubutu. Wasu manhajojin suna rubuta digiri da minti, kuma minti 60 ne digiri ɗaya, don haka digiri 13 da minti 33 daidai yake da 13.55. Wanda ya kwafe shi a matsayin 13.33 ya sauka kusan kilomita 24 kudu, a dajin da ke tsakanin Sabon Birni da Isa. A kwafi lambar yadda take, da alamominta.

Wannan ilimi ya daina zama na 'yan boko kaɗai. Ana auna gonaki da waya kafin a ba da bashin taki, kuma gona mai mita 100 kowane gefe, in aka kauce da mita biyar a tsawo da faɗi, girmanta ya canza da kusan kashi goma cikin ɗari. Manomi yana da haƙƙin ya ce a jira lambar kuskure ta sauko, a zagaya a hankali, a tsaya a kowace kusurwa, a maimaita sau biyu. A watan Agustan 2025 Babban Bankin Najeriya ya umarci a ɗaure kowace na'urar POS da lambobin wurin da aka yi mata rajista, ta yi aiki cikin mita goma daga nan. Mai shagon kwano a kasuwar Isa ya kamata ya san abin da rufinsa ke yi wa wannan awo, ya sa a ɗauki lambobin a ƙofar shago.

Abu biyu kuma ba zan rufe babin ba sai na faɗe su, domin a wannan yanki sun shafi rai. Taswira tana zaɓar hanya mafi gajarta. Ba ta san mashigin da ruwa ya cinye da damina ba, ba ta san dajin da aka kwana uku ba a bi ba. Wannan labari yana bakin direbobi a tasha da 'yan kasuwar da suka iso da safe, kuma matambayi ba ya ɓata. Na biyu, kyamarar waya tana iya liƙa lambobin wuri a cikin kowane hoto ba tare da an gani ba. WhatsApp yana goge su idan an tura hoton a matsayin hoto, amma in an tura shi a matsayin fayil suna tafiya tare da shi. Wanda ya ɗauki hoton garken shanunsa, ko rumbunsa, ko gidan da iyalinsa suka koma bayan sun baro ƙauye, ya shiga saitin kyamara ya kashe wannan tun kafin ya danna. Lokeshon mai tafiya kai-tsaye kuma a tura wa mutum ɗaya da aka amince da shi, a zaɓi sa'a ɗaya ko takwas gwargwadon tafiyar, a kashe shi da an sauka.